Yadda ake tattara tarihin ƙaramar majami'ar Methodist da na jama'arta

Yawancin ƙananan ikilisiyoyi ba sa tuna cewa suna da tarihi sai bikin cikarsu shekara hamsin ko saba'in da biyar ya gabato. A lokacin ne kwamiti kan zauna, a nemo malamin makaranta ko wani ɗan ikilisiya da ya yi karatu mai zurfi, a ɗora masa rubuta tarihi cikin mako uku ko huɗu domin a karanta ranar biki. Abin da yakan fito bai wuce shafi biyu ba: sunan Baturen mishan da aka ce ya fara zuwa, jerin fastocin da suka yi aiki da shekarunsu, sai kuma ranar da aka buɗe sabon gini. Wannan jeri yana da amfaninsa, amma a majami'ar Methodist musamman, shi ne ɓangaren da ya fi ƙarancin bayyana yadda ikilisiyar ta rayu. Tun zamanin John Wesley, wanda ya assasa Methodist, ya kuma rayu daga 1703 zuwa 1791, tsarin Methodist ya ginu ne a kan sauya wa masu wa'azi wurin aiki, kuma har yau taron shekara ko bishop ne ke tura fasto wuri, ya kuma ɗauke shi bayan 'yan shekaru. Waɗanda ke zama daram su ne shugabannin aji, wato ƙananan ƙungiyoyin membobi da ke haɗuwa mako-mako, da masu wa'azin sa-kai, da shugabannin zumuntar mata, da dattijon da ya shekara talatin yana buga ƙararrawa. Duk wanda ke son rubuta tarihin da zai amsa sunansa, wajen waɗannan mutane ya kamata ya nufa, kuma yana bukatar aƙalla shekara guda.

A fara tantance tushen da ikilisiyar ta fito

Sunan Methodist a allon bakin ƙofa ba ya nuna hanyar da bangaskiyar ta biyo ta iso garin, kuma wanda bai warware wannan tun farko ba zai ɓata watanni yana neman takardu inda babu su. A Najeriya hanyoyin uku ne. Ta farko ita ce ta 'yan Wesley na Ingila, wadda ta fara da saukar Thomas Birch Freeman a Badagry ranar 24 ga Satumba 1842, bayan ya yi aiki a Cape Coast da ke ƙasar Ghana ta yau. Mabiyanta sun shigo Arewa ne galibi ta hanyar jirgin ƙasa, a matsayin akawuna da ma'aikatan reluwe da 'yan kasuwa, suka kafa majami'unsu a sabon garin Kano da Zariya da Kaduna da Jos. Ta biyu ita ce ta wani reshe na Ingila da ake kira Primitive Methodist, wanda ya ƙetaro daga tsibirin Fernando Po a 1893 ya zauna a yankin Kuros Riba, ya bi ta ƙasar Ibo, har ya kai ƙasar Idoma a shekarun 1920. Rassan biyu sun haɗe a Ingila a 1932, kuma cocin Methodist na Najeriya ya samu cin gashin kansa ranar 28 ga Satumba 1962.

Hanya ta uku ita ce ta fi shafar masu sujada da Hausa, kuma ita ce ta fi rikitar da masu bincike, domin a farkonta ba a ma kiranta Methodist. Wani Ba'amurke mai suna C. W. Guinter ya zo a 1906 ƙarƙashin mishan ɗin SUM (Sudan United Mission), wanda Karl Kumm ya kafa a 1904, ya yi aiki a Wukari, sannan a 1923 ya buɗe tasha a Bambur, cikin ƙasar Karim Lamido ta jihar Taraba a yanzu. Cocin Guinter na Amurka, wato Evangelical, ya haɗe da United Brethren a 1946, haɗakar kuma ta sake haɗewa da Methodist na Amurka a 1968, aka samu United Methodist. A gida kuwa an daɗe ana kiran ikilisiyoyin nan EKAS (Ekklesiyar Kristi a Sudan) Lardin Muri, daga baya EKAN (Ekklesiyar Kristi a Najeriya), kuma sai a 1992 suka samu bishop nasu na farko, Done Peter Dabale. Saboda haka ƙaramar majami'a guda a wani ƙauyen ƙasar Muri tana iya kasancewa ta ɗauki suna uku ko huɗu ba tare da ta matsa daga inda take ba. A rubuta duk sunayen nan a shafin farko na littafin bincike, tare da duk yadda aka taɓa rubuta sunan ƙauyen, domin Turawan mishan da jami'an mulki sukan rubuta shi yadda kunnensu ya ji.

Tsofaffi kafin takardu

Takarda za ta iya jiran wata shida, tsohuwa mai shekara tamanin da biyar kuwa babu wanda ya san ko za ta ga kaka mai zuwa, don haka da hira ake farawa. A zauna da sakataren ikilisiya da shugabar zumuntar mata a fitar da sunayen mutum goma zuwa goma sha biyar mafi tsufa, a sa har da waɗanda suka bar ikilisiyar suka koma wata, da waɗanda suka bi 'ya'yansu birni, da maƙwabta Musulmi ko masu bin addinin gargajiya da suka ga lokacin da aka kafa rumfar farko. Sau da yawa mai unguwar da mahaifinsa ya ba da filin ya fi 'yan ikilisiyar sanin iyakarsa da sharaɗin da aka bayar da shi.

Ba a yin irin wannan hira a harabar majami'a bayan an tashi sujada, lokacin da kowa ke sauri ga kuma idon jama'a. A je gida da hantsi ko da la'asar, a riƙe ɗan abin gaisuwa kamar sabulu ko sukari, a gaisa a tsanake, a bayyana abin da ya kawo mutum, a kuma nemi izini kafin a kunna na'urar ɗaukar murya ta waya. Idan Baba ko Mama sun fi sakewa da harshensu na gida, Kulung ne ko Mumuye ko Jukun, a zo da tafinta daga cikin jikokinsu, kada a tilasta musu Hausa don sauƙin mai tambaya. Mata kuma a gana da su su kaɗai, domin a gaban mazajensu sukan ce “Baba ya riga ya faɗa” su yi shiru, alhali su ne suka ɗebo ruwan da aka kwaɓa ƙasar ginin farko, su ne kuma suka san wace iyali ce ta ciyar da mai bishara a shekarar da albashinsa bai zo ba.

Yadda aka yi tambaya shi ke sa a samu amsa ko a rasa. Wanda ya ce, “Baba, ba ni tarihin majami'ar nan,” zai samu jawabin da aka saba yi a bikin godiya, wanda kowa ya haddace. Gara a tambayi ƙananan abubuwan da mutum ya gani da idonsa. A ina kuke zama kafin a yi benci? Wa ya koya miki karatu, da wane littafi? A wane kogi aka yi maka baftisma, su wa kuka shiga ruwa tare, ko kuwa yayyafi aka yi? Wace waƙa ce ake rerawa idan an ɗauko gawa? Wa ke riƙe kuɗin baiko kafin a buɗe asusu a banki, a cikin me yake ajiyewa? Irin waɗannan tambayoyi kan buɗe bakin tsoho har ya kai ga abin da ba a tambaye shi ba. Idan ya yi shiru, a bar shi da shirunsa, kada a yi gaggawar cike gurbin da wata tambaya. Idan ya fara waƙa, a bar na'ura a kunne har ya dire, domin waƙoƙin da jama'a suka ƙirƙira da kansu, waɗanda ba sa cikin littafin waƙoƙi, kusan ba a rubuce suke a ko'ina ba.

A daren ranar hira a kwafe muryar zuwa wuri na biyu, ko kwamfuta ko wayar wani amintacce, a sa mata suna da kwanan wata. Ni kaina na taɓa yin sakaci da wannan. Na ɗauki kusan awa biyu na hirar wani dattijo da ya yi shugaban aji tun kafin yaƙin basasa, na ce sai ƙarshen mako zan kwafe, wayar ta faɗa ruwa a mashigin rafi, kuma kafin damina ta wuce in samu komawa, an binne shi. Abin da ya rage mini shi ne layi bakwai da na rubuta a bayan takardar tsarin sujada.

Yadda ake ɗaure labari da shekara

Tsofaffinmu ba sa ƙirga shekaru da lamba, da abin da ya faru suke ƙirgawa, kuma aikin mai bincike ne ya mayar da wannan zuwa lamba ba tare da ya cusa wa mutum shekarar a baki ba. Yana da kyau a rubuta jerin abubuwan da kowa ke tunawa a riƙe a aljihu: husufin rana na Mayu 1947, zuwan Sarauniyar Ingila a 1956, samun 'yancin kai a 1960, yaƙin basasa daga 1967 zuwa 1970, canjin hannun tuƙi a Afrilu 1972, shigowar naira a Janairu 1973, fara shirin firamare kyauta a 1976, wadda ita ce kuma shekarar da aka ƙirƙiro jihar Gongola, sai ƙirƙiro jihar Taraba a Agusta 1991. A ƙara da na gida, kamar rasuwar hakimi, da shekarar ƙyanda, da ambaliyar da ta cinye gada. Sai a riƙa tambaya: an yi wannan kafin yaƙi ne ko bayansa, a lokacin kina goyon wane ɗa?

Amma ko wannan dabara tana da tarko. Wata tsohuwa ta taɓa tabbatar mini cewa an cire jinkar ciyawa aka sa kwano a majami'arsu “shekarar canjin kuɗi”, ni kuwa ban yi wata-wata ba na rubuta 1973. Bayan wata biyu na samu littafin ma'aji, na tarar an sayi bandir ɗin kwanon da ƙusoshi a 1984, wato shekarar da gwamnatin soja ta sauya launin takardun naira, jama'a suka yi ta layi a bankuna. Ita ba ta yi kuskure ba, ni ne ban tambaye ta wane canjin take nufi ba, ga shi kuwa ko a lokacin yaƙi, a 1968, an yi wani. Tun daga ranar na ɗauki ƙa'idar da nake ba kowa shawara ya bi: kada a rubuta shekara a matsayin tabbatacciya sai shaidu biyu da ba su ji daga bakin juna ba sun dace a kanta, kuma ya fi kyau ɗaya ya zama na baka, ɗaya na takarda. Inda ba a samu haka ba, a rubuta “wajajen” ko “tsakanin shekara kaza da kaza”, wannan ba abin kunya ba ne.

Takardun cikin gida

Sunan Methodist kansa ya samo asali ne daga tsokanar da ɗaliban Oxford suka riƙa yi wa John Wesley da ƙanensa Charles da abokansu saboda yadda suke tsara komai bisa ƙa'ida, kuma wannan hali ya bar wa masu tarihi gado mai amfani, domin 'yan Methodist mutane ne masu rubuta abu. A 1742, a birnin Bristol, aka raba membobi zuwa ƙungiyoyi na mutum kamar goma sha biyu domin kowa ya riƙa ba da kwabo ɗaya a mako a biya bashin gini, kuma daga nan tsarin aji ya samo tushe, inda shugaba ke riƙe littafi yana rubuta wanda ya zo da wanda bai zo ba da abin da kowa ya bayar. Idan aka yi sa'a aka samu irin wannan littafin aji, ko na 'yan koyon baftisma, an samu abin da ya fi kowace takarda daraja, domin shi ne ke nuna mako-mako su wane ne ikilisiyar.

Abubuwan da za a nema su ne rajistar baftisma, da ta aure, da ta jana'iza, da littafin da sakatare ke rubuta abin da aka tattauna a taron dattawa, da littafin ma'aji, da jadawalin masu wa'azi na wata uku-uku, da katunan membobi, da takardun sallama na waɗanda suka yi ƙaura, da takardar fili. Kada a yi zaton duk suna ofishin fasto. A ƙaramar ikilisiya sukan kasance cikin akwatin ƙarfe a ɗakin tsohon sakatare, ko wajen matarsa idan ya rasu, wasu kuma sun bi wani fasto zuwa inda aka mayar da shi. Haka kuma, tun da yake ƙananan majami'u da yawa sun fara ne a matsayin reshe, baftisma da auren shekarun farko suna cikin rajistar uwar majami'a, inda naɗaɗɗen fasto yake zaune, shi ne kuwa mai zagayowa ya yi baftisma ya ba da Jibin Ubangiji. Aure na doka ma ba a ɗaura shi sai a majami'ar da gwamnati ta ba lasisi. A tambayi tsofaffin Littattafai Masu Tsarki na gidaje, domin tun da aka buga cikakken juyin Hausa a 1932, iyaye da yawa sun mayar da fararen shafukan farko wurin rubuta ranar haihuwa da rasuwa.

Idan aka buɗe akwati aka tarar gara ta taɓa littafi ko damshi ya manne shafuka, kada a ja da ƙarfi, kada a shanya a rana, kada kuma a liƙe yagewa da salatif, domin bayan 'yan shekaru yakan rine takardar ya cinye tawada. A shimfiɗa littafin a inuwa inda iska ke ratsawa, a kaɗe ƙura da burushi mai laushi, a ɗauki hoton kowane shafi da waya cikin hasken rana, daga bango zuwa bango, har da shafukan da ba a rubuta komai ba, don a san babu abin da aka tsallake. A ɗauki hoton a gidan mai littafin idan zai yiwu. Mutane sun sha ba da aron takarda ba ta dawo ba, kuma mai binciken da ya ce “a nan zan duba in bar muku abinku” yakan samu a fito masa da akwati na biyu.

Littafin ma'aji ya cancanci a zauna da shi sosai, ko da yake shi ne mafi gundura a ido. Kafin 1973 lissafin yana cikin fam da sule da kwabo, kwabo goma sha biyu sule ɗaya, sule ashirin fam ɗaya, kuma da aka yi canji fam ɗaya ya zama naira biyu. A cikinsa ake ganin shekarar da baikon godiyar kaka ya faɗi ƙasa saboda fari, da watan da aka sayi fitilar a-ci-bal-bal ko ganga, da ranar da aka fara biyan mai bishara da kuɗi maimakon damin dawa. A majami'un sabon gari kuwa, wanda ya bi rajista daga 1965 zuwa 1971 zai ga yadda sunayen 'yan Gabas suka ɓace kusan gaba ɗaya a ƙarshen 1966, da waɗanda suka riƙe majami'ar a bayansu, da kuma su wa suka dawo bayan yaƙi. Babu jawabin biki da zai ba da wannan labari yadda lambobin suka ba da shi.

Ginin da harabarsa ma shaidu ne. A zagaya tare da wani dattijo ya nuna inda rumfar farko ta tsaya, a auna tsawo da faɗin kowane gini da aka taɓa yi idan tushensa na nan, domin girman ɗaki yana nuna yawan jama'ar da aka yi tsammani. A karanta dutsen harsashi, a kwafe rubutun kaburbura, a tambayi wa ya dasa mangwaron bakin ƙofa. A duba ƙararrawa: a wurare da yawa guntun ƙarfen dogo ne ko tsohon wilin mota da aka rataye a bishiya, kuma kusan kullum akwai labarin wanda ya ɗauko shi da inda ya samo.

Rumbunan ajiya na waje

Sai an gama da na gida sannan a fita, domin a lokacin ne mutum ya san sunaye da shekarun da zai nema. A fara da ofishin gunduma da na taron shekara, inda rahotannin ƙidayar membobi da jerin naɗe-naɗe suke. Ma'ajiyar takardun tarihi ta ƙasa da ke Kaduna tana da fayilolin mulkin mallaka, kuma tun da yake a wancan zamani mishan ba ya kafa tasha ko makaranta sai da izinin Razdan, ana samun takardun neman fili da na buɗe ajin koyar da addini. Mai neman na ƙasar Muri ya tuna cewa an rushe lardin a 1926 aka haɗa babban ɓangarensa da lardin Yola, aka samu lardin Adamawa, saboda haka takardun bayan wannan shekara a ƙarƙashin Yola zai neme su. Laburaren Gidan Arewa a Kaduna da na kwalejin tauhidi ta TCNN a Bukuru suna da kundayen ɗalibai da suka yi rubutu a kan ikilisiyoyin garuruwansu. A ƙasashen waje, takardun ƙungiyar mishan ta Methodist ta Ingila suna makarantar SOAS a Landan, na United Methodist kuma suna jami'ar Drew a jihar New Jersey ta Amurka, kuma ana iya rubuta musu ta imel. A karanta rahotannin 'yan mishan da lura, domin don masu ba da gudummawa a ƙasarsu aka rubuta su, kuma sau da yawa mutumin da ya yi ainihin aikin, wanda ya zauna a ƙauyen ya koyi harshen ya tara mutane, ba a ambace shi ba sai da “mai bishararmu” ko “yaronmu”. Gano sunan wannan mutum da danginsa na daga cikin manyan abubuwan da mai tarihin gida zai iya yi wanda na waje ba zai iya ba.

Zaman rubutu

Tambayar da za ta fi jawo gardama ita ce shekarar kafuwa. Wasu za su ce ranar da aka fara addu'a a zauren wani, wasu ranar baftismar farko, wasu ranar da aka gina ɗaki, wasu kuma ranar da taro ya amince da wurin a matsayin ikilisiya mai zaman kanta, kuma tsakanin na farko da na ƙarshe ana iya samun shekara ashirin. Bayan kowace amsa akwai gidan da ke son a ce kakansu ne ya fara. Mafita ita ce a kawo dukan ranakun a jere, kowace da shaidarta, a faɗi wadda ikilisiya ta zaɓa don biki da dalilin zaɓen.

Sai batun rigingimu, wanda kwamitin biki zai so a tsallake. Babu ikilisiyar da ta shekara hamsin ba a yi saɓani ba, ko a kan mai mata biyu da ya nemi baftisma, ko a kan burkutu, ko harshen da za a yi sujada da shi, ko kuɗin gini, ko shigo da ganga da rawa cikin majami'a. A ƙasar Muri ga kuma rabuwar da ta faru a 2024, lokacin da wani ɓangare ya koma Global Methodist, sabon cocin da ya ɓalle daga United Methodist, wani ya tsaya a United Methodist, abin da ya raba gidaje kuma rauninsa bai warke ba. A ganina tarihin da ya yi shiru a kan irin wannan ya yaudari jikoki, domin za su ga majami'u biyu suna kallon juna a ƙauye guda ba su san dalili ba. Sai dai akwai yadda ake faɗa. A ji daga kowane ɓangare, a rubuta abin da kowa ya ce shi ne hujjarsa da kalmomin da shi kansa zai yarda da su, a bar hukunci. Abin da ya shafi horon ikilisiya kuwa, wato wanda aka dakatar daga cin jibi saboda wani laifi, ana iya faɗin yawan shari'un da irinsu a wani zamani ba tare da an kama suna ba, tun da 'ya'ya da jikokin mutanen suna zaune a benci ɗaya da mai karatu.

Wajen tsara littafin, ya fi kyau a raba babi bisa zamunan da jama'a da kansu suke ganewa, kamar zamanin rumfa, zamanin ginin ƙasa, zamanin kwano, maimakon bisa wa'adin fastoci. Jerin fastoci ya koma ƙarshe, a sa kusa da shi jerin shugabannin aji, da na zumuntar mata, da na mawaƙa, da na malaman makarantar Lahadi, da ma'aji da sakatarori. A rubuta da harshen da ake sujada da shi, idan Hausa ce Hausa, in ya so a yi taƙaitawa da Turanci don 'ya'yan da ke birni. Kowane hoto a rubuta sunayen waɗanda ke ciki daga hagu zuwa dama tun masu gane fuskokin suna raye.

Kafin a kai wa mai buga littafi, a roƙi fasto ya ba da yammacin Lahadi biyu ko uku a karanta daftarin da ƙarfi a gaban jama'a, tsofaffi a gaba, wani na gefe yana rubuta gyara. A nan ne wata za ta ɗaga hannu ta ce ba mijinta ne ya kawo ƙararrawar ba, wansa ne, wani kuma ya tashi ya tafi gida ya dawo da katin baftismar mahaifinsa da ba wanda ya san yana nan. Bayan an buga, a ajiye kwafi ɗaya a majami'a, ɗaya a ofishin gunduma, ɗaya a laburaren makarantar tauhidi mafi kusa, a haɗa kowanne da faifan da ke ɗauke da muryoyin hirar da hotunan rajista. Tsofaffin littattafan kuma a naɗe su da farin ƙyalle, a mayar cikin akwatin ƙarfe, a ɗora akwatin a kan benci nesa da bango da ƙasa, a kuma rubuta cikin littafin taron dattawa cewa duk sakataren da zai sauka sai ya ƙirga su ɗaya bayan ɗaya a gaban wanda zai gaje shi, su biyun su sa hannu.